Kafin A Buɗe Babbar Mahaƙa A Arewa, A Waiwayi Madatsar Alau

KONDUGA, Jihar Borno — Tun daga watan Disamba na 2024, lokacin da Ministan Ma'adinai, Mista Dele Alake, ya ba da sanarwar ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka ɗora wa Jihar Zamfara a watan Afrilu na 2019, maganar jawo manyan kamfanonin haƙa zuwa arewacin ƙasar nan ta sake tasowa a bakin mahukunta da 'yan kasuwa. Kasuwar duniya ma ta ƙara iza wutar. Farashin oza ɗaya ta zinariya ya haura dalar Amurka 3,000 a watan Maris na 2025, ya kuma wuce 4,000 a watan Oktoba na wannan shekarar, shi kuwa jan ƙarfe, wanda wasu ke kira tagulla, tan ɗaya nasa ya haura dala 11,000 tun a watan Mayu na 2024. Ko shakka babu, ƙasar da ta dogara ga man fetur fiye da shekara 50 tana da hujjar neman wata hanyar samun kuɗin musaya. Sai dai tambayar da aka fi yi ita ce nawa za a samu, alhali kuwa akwai wadda ta riga ta, wato wane ne zai tsare abin da mahaƙar za ta bari a baya.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Konduga da wannan magana, tun da ƙasarta yashi ce da laka na kwarin Tafkin Chadi, kuma duwatsun da kan ƙunshi jan ƙarfe da zinariya suna can ƙarƙashi da nisan da babu mai neman su. Haka ne. Amma ƙasar Borno ta san jan ƙarfe tun ba yau ba. Matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a garin Takadda a 1353, wurin da masu binciken kufai ke ganin shi ne Azelik, yamma da Agadas a Jamhuriyar Nijar, inda ya tarar ana haƙo jan ƙarfe ana narka shi a gidaje, ana zuba shi sanda-sanda. Masu kauri 400 ake bayarwa a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 zuwa 700, da su ake sayen nama da itace da hatsi, sa'an nan fatake su yi gaba da saura zuwa Gobir da Borno, tafiyar kwana 40. Yau Takadda kufai ce. Daɗin daɗawa, tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ma'adinan ƙasa, ya ware wa jihar da aka haƙo su kashi 13 cikin ɗari na abin da aka samu, saura kuma ya shiga asusun tarayya wanda Jihar Borno da Ƙaramar Hukumar Konduga ke karɓar kasonsu daga ciki. Ke nan idan an ci riba da su aka ci, idan kuma an yi ɓarnar da sai baitulmali ya gyara, da su za a biya. Dalili na uku shi ne Madatsar Alau, kuma shi ne mafi nauyi.

Ya kamata tukuna a fahimci abin da ake nufi da babbar mahaƙar jan ƙarfe da zinariya, domin ba a taɓa ganin irinta a Nijeriya ba. Misali mafi kusa da halin arewa shi ne Oyu Tolgoi da ke hamadar Gobi a ƙasar Mongoliya, yanki mai ƙarancin ruwa, nesa da teku, wanda mazaunansa makiyaya ne. Wani kamfanin Kanada mai suna Ivanhoe Mines ne ya gano ma'adinin a 2001. Ba a sa hannu a kan yarjejeniya da gwamnati ba sai a watan Oktoba na 2009, ba a fitar da kayan farko ba sai a watan Yuli na 2013, sashen ƙarƙashin ƙasa kuwa, mai zurfin mita 1,300, inda mafi yawan arzikin yake, sai a watan Maris na 2023 ya fara aiki, bayan an kashe masa kimanin dala biliyan 7. Shekara 22 ke nan daga ganowa zuwa cikar aiki, wato fiye da wa'adin gwamna biyar a jere. Duk wani ɗan siyasa da ya yi wa jama'a alkawarin irin wannan mahaƙa kafin zaɓe mai zuwa, to ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya san jama'ar ba su sani ba.

Amfanin kuwa ba ƙarami ba ne. Kamfanin Rio Tinto, wanda ke riƙe da kashi 66 cikin ɗari, ya yi hasashen fitar da kimanin tan 500,000 na jan ƙarfe a kowace shekara daga 2028 zuwa 2036, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatan 'yan ƙasar ne. Zinariyar da ke gauraye cikin dutsen takan biya wani ɓangare na kuɗin aiki, abin da ya sa masu jari suka fi son mahaƙar da ta haɗa ƙarafan biyu. Buƙatar jan ƙarfe kuma sai ƙaruwa take yi, domin duk wayar lantarki da injin famfo da na'urar hasken rana da shi ake yin su, motar da ke aiki da batir kuwa tana cin ninki uku ko fiye na abin da motar fetur ke ci.

To amma ga inda gizo yake saƙar. Gwamnatin Mongoliya ta karɓi kashi 34 cikin ɗari na hannun jari, sai dai ba ta da kuɗin biyan nata kason na gini, saboda haka abokin hulɗarta ya ranta mata da ruwa, bisa sharaɗin ba za ta ga ribar hannun jarin ba sai bashin ya fita. Kuɗin gini ya yi ta hauhawa, bashi ya yi ta kumbura, har sai da aka kai ruwa rana kafin kamfanin ya yafe dala biliyan 2.4 a watan Janairu na 2022. Tataccen garin ma'adinin kuma a manyan motoci ake tsallaka iyaka da shi zuwa ƙasar Sin, a can ake narka shi, a can kuma ayyukan masana'antu suke. Hatta wutar lantarkin da aka fara aikin da ita daga Sin aka jawo ta. Wannan batu na wuta abin dubawa ne ga arewa, idan aka tuna cewa birnin Maiduguri ya shiga duhu bayan an tarwatsa turakun layin Damaturu a watan Janairu na 2021, kuma tashar iskar gas da aka buɗe masa a watan Maris na 2023 megawat 50 ce, alhali mahaƙa irin ta Gobi ita kaɗai tana cin ninkin wannan sau da dama.

A nan gida, mahaƙar zinariya ta zamani da ta kai matsayin a ambata ita ce ta Segilola a Jihar Osun, mallakar kamfanin Thor Explorations, wadda ta zuba zinariyarta ta farko a watan Yuli na 2021, ta kuma fitar da kimanin oza 98,000 a 2022. Wannan tan uku ne da ɗoriya, a lokacin da ƙasar Ghana ke fitar da fiye da tan 100 a shekara. A arewa maso yamma kuwa, daga Birnin Gwari zuwa Maru da Anka da Bukkuyum har zuwa Yawuri, an san da zinariya tun zamanin Turawa, waɗanda suka haƙe ta sosai a shekarun 1930 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin. Abin da babu shi ne irin binciken da banki ke karɓa, wato a huda ƙasa ɗaruruwan wurare, a ciro dutse, a auna, a ce ga yawan abin da ke ciki. Kamfani ba ya tura injiniyoyinsa su shekara suna wannan aiki a dajin da sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona.

Akwai masu ra'ayin cewa a bar wa talakawa haƙarsu, domin babbar mahaƙa mutum dubu kaɗan take ɗauka, ramukan gargajiya kuwa suna ciyar da ninkin haka sau da yawa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk tsarin da ya kori masu diga da shebur ba tare da ware musu wurin aiki ba, to ya ƙara wa daji mayaƙa ne. Amma kada a manta abin da haƙar da babu mai duba ta ta jawo. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Abare da wasunsu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu dubbai suka sha gubar, garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kankare ƙasarsa, bayan jan ƙafa wajen sakin kuɗin. A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Zinariyar da aka samu da wannan tsada kuma akasarinta ta hanyar fasa-ƙwauri take barin ƙasar. Sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 da aka nuna wa Shugaba Muhammadu Buhari a watan Yuli na 2020, wadda Babban Bankin Nijeriya ya saya a kan Naira miliyan 268, ta yi kyau a hoto, amma ba ta kai abin da Segilola ke fitarwa cikin kwana biyu ba. Saboda haka ana buƙatar babban kamfani mai rajista da adireshi, wanda za a iya kai shi kotu. Wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai arewa ta taɓa ganin manyan kamfanonin haƙa, kuma ta san yadda suke tafiya. Haƙar kuza ce ta gina Jos da Bukur da Barikin Ladi. Dominta aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa Bukur a 1914, dominta aka kafa tashar lantarki ta Kurra wajejen 1930, wadda ta daɗe tana ba mutanen Filato wuta bayan kamfanonin sun watse. A 1943 an fitar da kimanin tan 17,000, a lokacin da ake tilasta wa talakawan lardunan arewa zuwa aikin kuza don biyan buƙatar yaƙi. Da ma'adinin sama-sama ya ƙare, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a watan Oktoba na 1985, sai kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage shi ne ɗaruruwan kududdufai da tudun ƙasar da ba ta nomuwa, waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi. Wasu manoman rani suna ban ruwa da su, gaskiya ne, amma babu wanda ya tsara haka, kuma babu kamfanin da ya bar kuɗin cike su.

Ɓarnar kuza kuwa wasan yara ce idan aka gwada ta da ta jan ƙarfe, kuma lissafin a fili yake. A mafi yawan manyan mahaƙun duniya, jan ƙarfen da ke cikin dutse bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, zinariya kuwa giram ɗaya ko ƙasa da haka ce a cikin tan guda. Ana niƙe dutsen ya zama gari, a dama shi da ruwa da sinadarai, a kwashe abin da ake so. Sauran, wato fiye da tan 95 a cikin kowane 100, shi ne dusar dutse, wadda ake turawa ta bututu zuwa bayan wata katafariyar madatsa ta ƙasa. Kowace shekara ana ƙara wa madatsar tsayi, domin dusar ba ta raguwa. Ranar da ma'adini ya ƙare kamfani zai kwance injunansa, amma madatsar tana nan, kuma dole wani ya ci gaba da duba ta har illa ma sha Allahu.

Mutanen Konduga da Jere da Maiduguri ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da madatsa. An gina ta Alau a kan Kogin Ngadda tsakanin 1984 da 1986 domin noman rani da ba birnin Maiduguri ruwan sha. A watan Satumba na 1994 ruwa ya ci birnin. Shekara 30 bayan haka, a daren 10 ga Satumba na 2024, madatsar ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da kasuwar Monday Market da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da fadar Shehun Borno, ya raba mutane fiye da 400,000 da gidajensu, fursunoni 281 suka tsere bayan katangar gidan yari ta faɗi. Rahotannin 'yan jarida bayan aukuwar abin sun nuna cewa mazauna yankin sun daɗe suna kokawa a kan lalacewar ginin. Wannan fa madatsa ce ta gwamnati, mai tazarar kilomita 20 kacal daga fadar gwamnatin jiha, a ƙarƙashin hukumar tarayya mai injiniyoyi da kasafin kuɗi. Idan irin wannan ta kai ga ɓallewa, da wane ido za a duba wadda ke cikin dajin Anka, wadda mai ita ya riga ya koma ƙasarsu?

Bambancin kuma shi ne ruwan Alau ruwa ne, ya janye, manoma sun koma fadama. Dusar mahaƙa ba ta janyewa. A ranar 18 ga Fabrairu na 2025 madatsar wani kamfanin jan ƙarfe mai suna Sino-Metals ta fashe a ƙasar Zambiya, aƙalla lita miliyan 50 na ruwa mai guba ya kwarara zuwa Kogin Kafue, kifi ya mutu, gonaki suka ƙone, aka rufe famfunan birnin Kitwe. Zambiya kuwa ta kusa shekara 100 tana wannan sana'a. A Burumadinyo ta ƙasar Barazil, fashewar irin wannan madatsa a watan Janairu na 2019 ta binne mutum 270. Duk mai duba taswira zai ga cewa Kogin Zamfara da Kogin Ka, waɗanda suka ratsa yankin zinariya, suna gangarawa ne zuwa fadamun Jihar Kebbi kafin su haɗu da Kwara, wato wurin da ƙasar nan ke taƙama da shi wajen noman shinkafa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, in ji Hausawa, shafa wa naka ruwa.

Abin mamaki shi ne ba doka aka rasa ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, ta wajabta binciken illar aikin ga muhalli, ta kuma tanadi asusun gyaran ƙasa wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Ma'aikatar ta nuna tana iya motsi idan ta so, domin ta soke lasisi 1,633 a watan Nuwamba na 2023, ta kuma ƙaddamar da dakarun tsaron mahaƙu fiye da 2,000 a watan Maris na 2024. To amma ɗan sanda da bindiga ba ya iya karanta na'urar da ke auna matsin ruwa a cikin bangon madatsa. Wannan aikin injiniya ne, kuma irin wannan injiniya kamfani kan biya shi ninkin albashin gwamnati sau da yawa. Jami'o'in Zariya da Jos da Maiduguri suna yaye masana duwatsu kowace shekara, da yawansu suna zaune babu aiki, kuma horar da 100 daga cikinsu a wannan fanni ba zai ci kuɗin gina kilomita kaɗan na titi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shekarun da bincike zai ɗauka kuwa sun isa a yi wannan shiri.

Wasu na ganin mafita ita ce gwamnati ta riƙe mahaƙar da kanta. Maƙwabciya Nijar ta gwada hanyoyin duka a mahaƙar zinariya ta Samira da ke Jihar Tillaberi, wadda aka buɗe a 2004 a hannun kamfanonin Kanada, ta koma hannun kamfanin gwamnati a 2013, aka sayar da mafi yawanta ga wani kamfanin Ostireliya a 2019, sa'an nan gwamnatin soja ta ƙwace ta a watan Agusta na 2025. Sauyin hannu sau uku cikin shekara 12 bai kawar da matsalar tsaro da ta jari ba. A nan gida ma an kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, kuma kowa ya ga yadda ta ƙare. Mai hukunci ba ya zama mai laifi a shari'a ɗaya, gwamnatin da ta mallaki madatsa kuwa da wuya ta ci kanta tara.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure kamfani tun yana neman shiga, lokacin da yake jin magana. A ƙiyasta kuɗin rufe mahaƙar da kula da madatsarta, a sa shi ya ajiye su a asusun da ba ya iya taɓawa, wanda gwamnan jiha ko minista ma ba ya iya taɓawa, kafin a ba shi izinin fasa dutse. A buga yarjejeniyar kowa ya gani, musamman sharaɗin bashin da ke bayan hannun jarin gwamnati, domin kada a maimaita abin da ya sami Mongoliya. Rahoton injiniyoyi masu zaman kansu a kan lafiyar madatsa ya fito kowace shekara, a karanta shi da Hausa a gidan rediyo da fadar hakimi, tun da mutanen da ke kwana a ƙarƙashinta ba sa karanta rahoton kasuwar hannun jari ta Toronto. Layin wuta da hanyar da kamfanin zai gina kuma a tsara su yadda garuruwan da suka ratsa za su amfana, kamar yadda Kurra ta amfani Filato ko da yake ba domin talakawa aka gina ta ba.

Masu jari za su ce waɗannan sharuɗɗa suna da tsada, kuma wasu za su juya su tafi wata ƙasa. Za a iya auna tsadar da abin da ya riga ya faru. A watan Fabrairu na 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 domin sake gina Madatsar Alau da faɗaɗa ta, ban da asarar gidaje da shaguna da amfanin gona da babu wanda ya biya. Daga baitulmali kuɗin za su fito, wato daga aljihun manomin Konduga da mai shago a Gusau baki ɗaya.